Motar Alhaji Ta Cinye Mini Sito

"Wallahi, Hajiya, kafin a kunna wutar Olamfik motar nan za ta fita daga sitonki da ƙafafunta, ni a ciki, ke a gefena."

Anti Lauratu, assalamu alaikum, da fatan ana shan ruwa lafiya. Na fara da maganar maigidana ne don ki ji ta yadda na ji ta, har da wallahin. Wutar da ya ambata ta ratso ta Guangzhou a watan Mayu, ta wuce Beijing, aka kunna ta, aka yi guje-guje da tsalle-tsalle, aka raba lambobin yabo, aka kashe ta, baƙi suka koma garuruwansu. Motar tana nan inda take, a kan tubala, ba taya ko ɗaya a jikinta. Ki taimake ni da shawara kafin in aikata abin da na ƙudurta, domin na riga na ƙudurta, kuma ban ga mai hana ni ba a garin nan.

Ni ba yarinya ba ce. Na haura arba'in da biyar, na daɗe ina koyar da tarihi a sakandaren 'yan mata a Kano kafin in ajiye alli in biyo shi China. 'Ya'yanmu sun girma, suna gida suna karatu. Muna zaune a Xintang, garin wandunan jins. Gidan bene muke haya, sama mu kwana, ƙasa sito. Sana'ata ita ce matan Kano da Maraɗi da Yamai su zo su yi sayayya a kasuwannin Shahe da Zhanxi, a kawo kayan wurina, in duba, in ɗaure, in loda a kwantena. Wadda ba ta samu zuwa ba sai ta kira ni a waya in saya mata. Ba ni da shago, ba ni da masana'anta. Jarina guda ɗaya ne: in kika bar kayanki a hannuna, yadda kika bar su haka za ki same su. Daga nan nake biyan hayar sama da ƙasa.

Bayan Babbar Sallar bara Alhaji ya shigo da ita. Irin motocin tseren nan ce masu ƙofa biyu da kujera biyu, cikinta na jan ƙasa kamar ƙadangare. Ɗan wani lawban, wato ubangida, mai masana'antar jins ne ya gaji da ita ya sayar masa. Fara ce a lokacin, kuma ki riƙe wannan da kyau, Anti: tana tafiya. Da kanta ta shigo sitona. Na tambaye shi me za mu yi da motar da ko buhu ɗaya ba za ta ɗauka ba. Ya ce ai ba ta kaya ba ce, ta nishaɗi ce, 'yan gyare-gyare kawai zai yi mata da hannunsa, in ara masa kusurwa ɗaya. A ranar ya yi mini waccan rantsuwar.

Alhaji ba makanike ba ne. Mutum ne da in famfo yana ɗiga sai ya kira mai gidan haya. Amma ya samo mujallun motoci na Japan da ko harafi ɗaya ba ya iya karantawa a ciki, sai kallon hotuna. Ga kuma abokinsa Shitu, wanda shi ma iliminsa bai wuce hotunan ba, sai dai ya fi Alhaji baki. Duk abin da Alhaji ya ɓata sai Shitu ya zagaya shi, ya ɗaga kai, ya ce, "Alhaji, ko a Tokyo sai haka."

Da salansa suka fara. Suka cire tata suka sa wata mai faɗin bakin tukunya. Ranar da suka gwada ta, tsohuwar da ta ba mu haya ta fito da silifas ɗaya a ƙafa tana zazzaga mana masifa da yarensu, maƙwabta suka leƙo ta tagogi. Wannan fa a shekarar da 'yan sanda ke bin gida-gida suna duba takardun baƙi, shekarar da kowane baƙin mutum a Guangzhou yake tafiya a hankali don kada a lura da shi. Mu kuwa muna shela da salansa.

Sai wili masu ƙyalli, waɗanda suka yi wa motar girma, aka yanke gefen jikinta don su shiga. Sai aka ƙara sauke ta ƙasa, har ta kai ko dokin ƙofar sito ba za ta iya hayewa ba. Sai wani fiffike da aka kafa mata a baya, kamar katakon guga. Sai shuɗɗan fitilu a ƙarƙashinta, ban san wa za su haska wa hanya ba, sai dai ɓeraye. Aka cire kujeru za a lulluɓe su da fata, Shitu ya ce a'a, tunda a Xintang muke a lulluɓe su da jins, har da aljihu. Daga ƙarshe suka buɗe inji, wai za su ƙara masa numfashi. Suka zazzage kayan cikinsa a kan kantocina, notoci a kwanon miyata, kusoshi a faranti na baƙi. Tun daga ranar ko tari ba ta sake yi ba. Kusurwa ɗaya ta zama rabin sito. Ni dai na raɗa mata suna Marigayiya, kuma haka nake kiranta a gaban kowa.

Akwai abin da ya fi wannan ban takaici. A ƙasar nan katin mota yana ɗauke da hotonta, kuma in an kai ta dubawar shekara dole ta yi kama da hoton. Wani makanike ɗan China da suka kira ya kalli katin, ya kalli motar, ya sake kallon katin, ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce meyo, wato babu. Ko yau Marigayiya ta tashi, ba ta da izinin taka titi sai an mayar da ita yadda aka saye ta. Alhaji ya ji wannan da kunnensa tun kafin damina. Washegari ya je ya sayo jan fenti.

Duk wannan na shanye, Anti. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami daban ne.

Hajiya Balki 'yar Maraɗi ce, kuma ita ce ta fara yarda da ni lokacin da ba wanda ya san ni. Ita ta jawo mini matan Maraɗi da na Yamai ɗaya bayan ɗaya. Bana ba ta samu biza ba, kamar mutane da yawa, sai ta kira ni ta ce in saya mata kayan Ƙaramar Sallah: fararen takalman yara, na mata da na maza, daga Zhanxi. Duk abin da ta tara ta zuba a kansu. Ga wadda ba ta san aikinmu ba, mu ba ma loda takalma a kwalayensu, don kwali iska kawai yake ɗauka kuma a kwantena wuri ake saya. Sai mu fitar da su, mu jera a ƙasa bisa tamfol, lamba-lamba, ƙafar dama da ta hagu, sannan a ɗaure a zuba a buhu. Haka na jera su fes, rabin sitona ya yi fari tas, na tafi Shahe karɓo wasu kaya.

A ranar Alhaji ya ga dama ya yi feshi. Zan yi masa adalci, ya rataya labulen leda tsakaninsa da kayana. Amma damina ce, iskar garin nan jiƙe take, fenti ya ƙi bushewa. Sai Shitu ya ba da shawara a kunna babbar fankar sito. Fanka ta ɗage labule, ta kwashi hazon fenti ta watsa. Na dawo na buɗe ƙofa na tarar da kowane takalmi da jajayen ɗigo-ɗigo, kamar masu ƙyanda. Ba wanda ya tsira. Na gwada sabulu, na gwada fetur, na gwada maganin goge farce. Fentin mota ne, in ya fita sai da fatar takalmin.

Kin san abin da Alhaji ya ce? Bai ce ki yi haƙuri ba. Ya ɗauki ɗaya ya juya shi a haske ya ce, "Ai ya ma fi kyau. Ki zuba a buhu kawai, wa zai lura a Maraɗi? In an tambaya ki ce sabon yayi ne na Olamfik."

Shekara ashirin da wani abu ina zaune da mutumin nan. Na san shi da son abin banza, ban san shi da ha'inci ba. Na yi karatun babin ajiya a fiƙihu tun ina budurwa, na san wanda aka ba ajiya in ya yi sakaci shi ke da ramuwa, kuma ban taɓa cin karo da malamin da ya halatta a ce wa lalataccen kaya yayi ba. Washegari na koma Zhanxi na bi shago-shago. Meyo, meyo, meyo. Masana'anta ta ce sai bayan wasanni. Kwantena ba ta jiran kowa, ta tafi ba takalman Balki a ciki. Zan rama mata kayanta, wannan ba magana ba ce, amma kasuwar Sallah ba a ramawa. Yanzu haka maƙwabtanta a kasuwa suna ciniki, ita tana zaune gaban kanta babu komai.

Ni na kira ta, ba shi ba. Yana tsaye a bayana yana goge sifana. Da ta zage ni da na fi jin sauƙi. Sai kawai ta ce, "Hajiya, ni ban yi hushi da ke ba. Amma muddin motar nan na cikin mangazarki, ko allura ba ni aje miki. Kuma in 'yan'uwa sun tambaye ni, ba ni yi musu ƙarya." Sun kuwa tambaye ta. Mata biyu daga Yamai sun riga sun kai kayansu wani sito. Na Kano sun fara yi mini tambayar da ba su taɓa yi ba, wai a ina nake ajiye kaya. Kayan Babbar Sallah za su fara shigowa da zarar an sha ruwa na ƙarshe, kuma Balki ta ce za ta jira ta ji. In ta juya, sauran za su bi ta, sunana ya mutu a wannan harka.

Ba irin maganar da ban yi masa ba. Na yi da taushi, na yi da faɗa, na yi gaba. Kullum amsarsa ɗaya ce, saura kaɗan, wani ɗan ƙarfe kawai ake jira. Na kai ƙara wurin Alhaji Maidaji, dattijon da mutanenmu na nan suke jin maganarsa. Ya zo, ya zagaya motar, ya shafa fiffiken, ya tambayi gudun da take yi. Sai ya juyo ya ce in gode wa Allah, mijina ba ya shan komai, ba ya caca, ba ya yawon banza, yana gida. To, yana gida. Gara ma tana gida, ita ma ba ta zuwa ko'ina, ba ta hana ta cinye ɗaki ba.

Na san za a ce in tausaya masa don harkarsa ta tsaya. Gaskiya ne, da shi ke yawo da alhazan Kano kasuwa-kasuwa yana yi musu jagora, bana kuwa ba su samu shigowa ba, wayarsa ta daina ƙara. Amma wanda aikinsa ya tsaya ba sai ya kama wa wadda nata ke tafiya ba? Ko buhu ɗaya bai taɓa riƙe mini ba. Da safe zai fita, sai la'asar ya dawo da wani ƙarfe a leda. Babu lungun da ake sayar da kayan mota a Guangzhou da bai sani ba. Ya san inda ake samun na gaske da inda ake samun na jabu, ya san sunan kowane noti da Sinanci, mutumin da har yau in ya gaisa da maƙwabta ba ya wuce nihau, wato sannu.

Don haka ga abin da na yanke, kuma na faɗa masa a kan tabarmar shan ruwa, a gaban Shitu, don kada a ce ban faɗa ba. Yana da daga nan zuwa ranar Sallah. In muka sauko daga Idi Marigayiya tana cikin sitona, washegari zan kira masu yankan ƙarfe su zo da injinsu su daddatsa ta. Ai ya riga ya yi musu rabin aikin. Zan zuba ta a buhuna, in rubuta lamba a kan kowanne yadda na saba, in tura ta a kwantenar farko zuwa Kano, a sayar da ita a Ƙofar Ruwa, ƙofa daban, inji daban, fiffike ga duk mai neman katakon guga. In ya ga abin ya kai ga rabuwa, ya san inda takarda da biro suke. Sun yi dariya, shi da Shitu. Ki gaya mini ko akwai dalili ɗaya da zai sa kada in yi.

Taki cikin ɓacin rai,
Mai Sito, Xintang

*

Wa alaikumus salam, Hajiya Mai Sito. Allah Ya karɓi ibadarmu.

Kin nemi dalili ɗaya, zan ba ki. Amma bari in fara da Alhaji, don na tabbata wani zai kai masa wannan shafin, in ba kowa ba Shitu.

Alhaji, ka yi rantsuwa ka karya. Ka ari kusurwa ka cinye rabin ɗaki. Ka lalata kayan baiwar Allah da ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba, ka bar matarka ta ɗauki waya ta sha kunyar da kai ka jawo, kana tsaye kana goge sifana. Mafi muni, ka ce a zuba a buhu a ce yayi ne. Sha'awar mota ba laifi ba ce, kowa da abin da yake sanyaya masa rai, kuma mutum ya zauna yana haɗa abu da hannunsa ya fi zaman gulma. Amma sha'awar da ta kai mutum ga ba da shawarar a cuci wadda ta amince da gidansa ta tashi daga sha'awa, ta zama ciwo. Matarka ta tsare maka mutunci ranar da ta ƙi jin maganarka. Alhaji Maidaji kuwa, da ya zo sulhu ya ɓige da tambayar gudun mota, ina ganin shi ma kujerar jins ɗin ce ta ɗauke masa hankali.

Yanzu ke, Hajiya. Gaskiyarki ce a kan sito, gaskiyarki ce a kan wa'adi. Kada ki ɗaga shi ko da kwana ɗaya, don wanda ya saba cewa saura kaɗan ba ya jin komai sai ranar da aka tsayar. Amma abin da kika ce za ki yi bayan wa'adin, kada ki kuskura.

Ki zauna ki yi tunaninsa a matsayinki na mai loda kaya, ba na matar da aka ɓata wa rai ba. Za a kunna injin yankan ƙarfe a ɗakin da ya sha fenti da fetur da baƙin mai wata da watanni, ɗakin da kike kwana a samansa. Ki ce an tsallake wannan. Za ki ɗauki ƙarafa masu ɗigar mai ki cusa a kwantenar farko. Kayan wa ke cikin kwantenar farko? Na matan da kike son ki dawo da amincewarsu. Sannan mota ce mai rajista, da kati da hoto da sunan mutum. In aka buɗe kwantena a tashar ruwa, can ko nan, aka ga gutsattsarinta ba takardar fitarwa, ba buhunan Marigayiya kaɗai za a riƙe ba, duka za a riƙe. Ke da bakinki kika ce bana shekara ce ta tafiya a hankali. Motar nan ta cinye wa Balki Ƙaramar Sallah da hannun mijinki. So kike ta cinye mata Babba da naki hannun? Dalilin da kika nema ke nan.

Akwai na biyu ko da ba ki tambaya ba. Ke kika kawo zancen babin ajiya. Motar tasa ce, a ɗakinki take, da izininki ta shiga. Ita ma ajiya ce, ko da kin tsane ta. Yau duk wanda ya ji labarinki yana bayanki. Ranar da kika daddatsa ta, labarin da zai isa Kano da Maraɗi shi ne mai sito ta yanka kayan da ke hannunta don ta yi fushi. Ba wanda zai tuna da takalma.

Ga abin da nake ba ki shawara. Tun yanzu, kafin Sallah, ki nemi garejin da zai karɓi ajiyar mota, irin na makaniken nan da ya yi dariya, shi da ya san ciwonta. Ki sami lambar masu janwe ki ajiye. Ki gaya wa Alhaji, ku biyu kawai, ba Shitu a wurin, cewa wa'adi yana nan amma hukuncin ya canja: in bai fitar da ita da kansa ba, za a mayar mata da tayoyinta, a ɗaga ta a haye dokin ƙofa, a kai ta gareji lafiya lau, da kowane noti nata a kwali. Kuɗin ajiya daga ranar nasa ne. In ya ga yana biya wa mota ɗaki duk wata, shi da kansa zai yanke ko ta cancanta. A sitonki kyauta take kwana, shi ya sa bai taɓa gaggawa ba. Bayan ta fita ki wanke ɗakin, ki canja kwaɗo, ki ɗauki hoton sito fes ki aika wa Balki ta hannun mai tafiya. Gani ya fi mata alkawari, ta ji alkawari ya ishe ta.

Kuma dole Alhaji ya kira Balki da bakinsa ya ce ni ne, ki yafe mini. Wannan kada ki sassauta. Ya fi fitar da motar wuya, kuma shi ne zai nuna miki ko mutumin da kika sani shekara ashirin yana nan.

Saura wadda ba za ki so ji ba. A cikin doguwar wasiƙarki layi uku kacal kika ba wayarsa da ta daina ƙara, kuma da gatse kika rubuta su. Mutum ne da alhazai ke bin bayansa kasuwa-kasuwa, ya wayi gari ba mai nemansa, matarsa ke biyan haya, a ƙasar da ko fita sai da fargaba. Bai iya cewa na ji kunya ba, sai ya shige ƙarƙashin mota. Wannan ba uzuri ba ne ga ɗigo ɗaya na fentin da ya zuba. Amma ke kina kiran abin da ya ɓuya a bayansa Marigayiya a gaban baƙi, kin yanke masa wa'adi a gaban abokinsa. Namijin da aka kunyata a gaban aboki dariya zai yi, ko da cikinsa na ƙuna. Harshenki yana da kaifi, Hajiya, na ji daɗin karanta shi, amma ni ba a gidanki nake kwana ba. Zancen takarda da biro kuma ki janye shi. Ba a kan aure kuke faɗa ba, a kan ɗaki ne, kada ki sa a bakinsa kalmar da bai furta ba.

Wani abu kuma da kika faɗa cikin fushi ba ki saurari kanki ba. Kin ce ba lungun kayan mota da bai sani ba, ya san na gaske ya san na jabu, ya san sunansu da Sinanci. Ni a Kano nake, na san masu sayar da kayan mota a Ƙofar Ruwa da bana suka rasa biza, suna neman wanda za su kira a waya ya saya musu kaya kamar yadda matan Maraɗi ke kiran ki. Ban ce zai karɓa ba, kuma ban ce ki ba shi ko taku ɗaya a sitonki ba. Ki dai ajiye masa maganar bayan ƙura ta lafa, ki ga ko zai ɗauka. In ya ɗauka, watannin nan ba su tafi a banza duka ba. In ya ƙi, ya je ya ci gaba da jiran ɗan ƙarfensa a gareji.

Ranar da kuka sauko daga Idi, ki ci abincinki, ki yi ziyararki. Washegari in tana nan, ki kira janwe, ba mai yanka ba. Ki bar masa motarsa cif, ki karɓe ɗakinki cif.

Allah Ya huci zuciyarki, Ya mayar wa Hajiya Balki da abin da ta rasa, Ya sa kayan Babbar Sallah su isa fari tas kamar yadda suka bar hannunki. A yi Sallah lafiya.

Anti Lauratu